Uku Muka Tura, Huɗu Suka Zo

Gwaggo, don girman Allah ki taimake ni, ki kuma daure ki karanta takardar nan har ƙarshe kafin ki yanke mini hukunci. Ba ni da wanda zan gaya wa. Matata ba ta sani ba, mahaifiyata ba ta sani ba, abokaina kuwa har yau jinjina mini suke yi, wai ni gwanin ciniki ne. Wata huɗu ke nan da na sayi gida, kuma tun ranar da muka tare ban ci abinci ya zauna mini ba.

Ni mai aikin tagogi ne, gilashi da alminiyum. Shekara goma sha ɗaya ina tarin kuɗi. A gidan haya muke, ɗaki biyu da falo, ni da uwar yara da 'ya'yanmu uku, ga kuma Inna da ta dawo wurinmu tun da ƙafa ta fara damunta. A falo take kwana, kullum da safe a naɗe katifarta a jingine bayan ƙofa. Matar da ta haife ni, Gwaggo. Ba ni da buri a duniya sai in ga Inna da ɗakinta, da ƙofarta da za ta rufe, da taga mai shigo da rana.

Akwai wani dillali da ake ce wa Angama, domin ko tauraro ka ce ya samo maka zai ce an gama. Shi ya kai ni gidan. Mai gidan wani tsoho ne mai gyaran agogo, ido ya fara gaza masa, matarsa ta rasu bara. So yake ya sayar ya sayi ƙaramin wuri kusa da 'yarsa, abin da ya rage ya kama mata shago, don mijinta ya rasu ya bar ta da yara. Ɗaki huɗu ne gidan, da tsakar gida mai siminti. Ɗakin ƙarshe yana da wata babbar taga da rana ke shigowa ta cikinta ta kwanta a kusurwa wajen ƙarfe sha biyu. Ina ganinsa na ce a raina wannan na Inna ne. Kuɗin da tsohon ya sa ba zalunci a ciki, na sani, don an sayar da na kusa da shi a haka. Ni ne dai nawa suka gaza da wajen kashi ɗaya cikin uku.

Da farko ciniki muka yi irin na kowa. Angama ya koya mini kada in yaba komai, kada in yi murmushi, in riƙa ƙwanƙwasa bango ina girgiza kai, in nuna tsagar da ke bayan banɗaki, in yi tayi can ƙasa in juya in tafi, in kuma ƙi ɗaukar waya kwana uku. Duk na yi. Tsoho ya ɗan rage kaɗan, da na sake tayi ya ce albarka, ya raka ni har bakin ƙofa.

Bayan kwana biyu sai ga Angama a shagona. Ya zauna a kan benci tsakanin gilasan da na jingine, ya ce akwai hanya. Ki sani fa shi dillalin tsohon ne, tsohon ne ya ba shi gidan, kuma a hannunsa zai karɓi la'adarsa, biyar cikin ɗari. Ya ce duk abin da ya iya saukewa daga farashin in ba shi kashi ɗaya cikin huɗu, tsakaninmu, ba sai kowa ya ji ba. Na lissafa na ga ko da nasa kason kuɗina za su kai. Na tambaye shi ta yaya zai yi, ya ce wannan aikinsa ne, ni dai in ci gaba da yankan gilashina. Na ba shi hannu.

Ga abin da ya yi. Ya samo mutum uku, ɗaya bayan ɗaya a cikin mako biyar, kowa da kaya masu kyau da motar aro. Kowannensu zai zo a matsayin mai saye, ya yaba gidan, ya nuna kuɗi ba matsala ba ne, ya bi ɗaki ɗaki yana fara'a. In ya iso ɗakin ƙarshe sai ya ja ya tsaya a bakin ƙofa. Ya zuba wa kusurwar nan ido. Ya riƙa motsa laɓɓansa. Sannan ya fita da baya da baya, a miƙo masa ruwa ya ƙi sha, ya shiga mota. Ba wanda zai ce uffan. In tsohon ya tambaya, Angama ya ce shi ma bai sani ba, sun dai ce sun fasa.

Ba zan yi miki ƙarya ba, bayan na farkon ya zo shago ya ba ni labari yana kwaikwayon yadda mutumin ya yi, muka yi ta dariya har da riƙe ciki. A nan ya kamata in ce ya isa. Ban ce ba. Magana ta bi layin, masu saye na gaskiya suka ɗauke ƙafa. Ana nan tsohon ya kira ni da kansa, ya sallama mini a kan abin da na taya. Aka sa rana muka sa hannu a takardu. Da muka gama ya riƙe hannuna, ya ce Allah ya saka mini da alheri da na rufa masa asiri. Kai, Gwaggo!

Mako guda da tarewarmu tsohon ya fara zuwa. Sha biyu da kwata daidai, ba ya ƙara minti ba ya ragewa, mai agogo ne. Ba ya ƙwanƙwasa ƙofa. Zai tsaya a waje ta jikin katanga, daidai tagar nan, cikin rana tsaka, ya ɗaga kai yana kallo da idanun da ba su gani sosai. Ya yi kamar minti ashirin ya tafi. Uwar yara mace ce mai tausayi, ta fita ta ce Baba ya shigo inuwa, ta ba shi kujera. Yanzu kullum sai ta ajiye masa kujerar tun kafin ya iso. A bakinta na ji abin da ban sani ba.

A wannan kusurwa gadon matarsa yake. Shekara biyu tana jinya, shi ke juya ta, shi ke ba ta abinci a baki, ya dawo da teburin aikinsa gefen gadon don kada ya bar ta. Rana ɗaya wani ya matsa masa a kan agogonsa, ya fita ya kai masa bakin titi. Minti ashirin. Ya dawo ya tarar rai ya yi halinsa, ita kaɗai, fuskarta tana kallon ƙofa. Sha biyu da kwata. Angama ya san wannan, maƙwabta ya bi ya tambaya kafin ya zaɓi ɗakin. Ni wallahi ban sani ba. To shi Baba yanzu ya sa a ransa cewa ita mutanen nan suka gani, cewa ba ta yafe masa ba, ba ta samu kwanciya ba. Ɗan kuɗin gidan yana ta rabar da shi sadaka. Zancen kama wa 'yar tasa shago ya sha ruwa. Ita 'yar ta zo gidana tana kuka a gaban matata, ta ce ya daina cin abinci, wandonsa har sai ya ɗaure da igiya. Duk ranar da ya same ni a gida sai ya kira ni ɗansa, ya tambaye ni a hankali ko na ga wani abu, ko ta ce wani abu, kada in ɓoye masa. Ni kuma in ce babu komai Baba. Sai ya gyaɗa kai kamar wanda ya san lallashinsa ake yi.

Ɗakin kuwa har yau ba kowa a ciki. Ranar farko na riƙo hannun Inna ina murna na kai ta. Muna isa bakin ƙofa ta tsaya. Ta kalli kusurwar nan, ita ɗin dai, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce ita falo ya fi mata iska. Yanzu haka katifarta tana jingine bayan ƙofar sabon falo. Mai fenti ya yi rabin bango ya ce zai je ya dawo, ko kuɗinsa bai waiwaya ba. Na ƙarasa da kaina, shafi biyu. Bayan kwana goma wani tabo ya fito a bangon kusurwar, zagayayye, kamar girman kan mutum, daidai inda mai zaune a gado zai jingina. Na sake shafawa, ya sake fitowa. Na cire tagar na sa sabuwa da hannuna. Na san babu komai a ɗakin nan, ai ni na biya aka ƙirƙiro shi. Amma in zan wuce ta ƙofarsa sai in ji na rage murya, in kuma na shiga ba na iya juya wa kusurwar baya.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne makon jiya. Baba yana zaune yana ba matata labari, sai ya ce mutum huɗu suka gani, huɗu ba za su haɗu a kan ƙarya ba. Na ce uku dai Baba. Ya ce huɗu, ya ƙirga mini da yatsu. Ta huɗun mace ce, ita kaɗai, a ƙafa, kwana biyu bayan na ukun, da tsakar rana. Ba ta tambayi farashi ba. Ta wuce ɗakuna uku ba ta leƙa ba, kamar wadda ta san hanya. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta ɗan rusuna, ta yi wa kusurwar sannu da jiki, ta juya ta fita. Bai ga fuskarta da kyau ba. Ya ce bayan fitarta ne ya ɗauki waya ya kira ni.

Na rufe shago na tafi wurin Angama. Ya rantse da abin da zai kashe shi uku ya tura, uku ya biya, kuma duk maza. Na ga yadda fuskarsa ta canza, ba wasa yake yi ba. Amma da ya dawo hayyacinsa sai ya ce in kama bakina. Wai takardu lafiya lau suke, ba wanda ya faɗi ƙarya da bakinsa, ciniki dabara ne, in kuma na tona zai ce ni na kitsa komai. Har da cewa in gidan ya ishe ni zai sayar mini da shi, sai dai in yi haƙuri da farashi don gidan ya yi suna. Ki ji fa!

Gwaggo, ina tsoro kuma ina jin kunya. In na faɗa, wataƙila in rasa gidan, in koma haya da Inna, matata ta daina ganina da mutunci. In na yi shiru, tsohon nan yana ƙarewa a kan kujerata. Cinikin nan halal ne ko kuwa? Me ke kaina? Kuma wace ce ta huɗun?

Naki,
Mai Yankan Gilashi

Ɗana Mai Yankan Gilashi,

Na karanta har ƙarshe kamar yadda ka roƙa, na kuma sake karantawa. Bari in fara da abin da yake naka. Son ka ga mahaifiyarka da ɗakinta abu ne mai kyau, Allah ya yi maka albarka a kansa. Ciniki ma ba laifi ba ne. Ka nuna tsaga, ka yi tayi ƙasa, ka juya ka tafi, ka sayi abu da araha wurin wanda yake sauri, duk wannan kasuwa ce, muddin mai kaya ya san gaskiyar kayansa kuma shi ya zaɓa. Da a nan ka tsaya, da ni ma na ce maka gwani.

A kan bencin shagonka ka kauce. Dillalin da mai gida ya damƙa wa gidansa amana ce a hannunsa, aikinsa ya samo masa farashi mai kyau. Ranar da ka yi masa alkawarin lada a kan kowane kuɗin da ya zabge, ka saye shi daga hannun mai shi, tsohon kuma yana biyan la'ada ga mutumin da ke yi masa zagon ƙasa. Duk la'adar da ba za a iya faɗarta a gaban mai saye da mai sayarwa ba, cin amana ce, ko da ba a turo kowa ba. Zancen wai ba wanda ya yi ƙarya da baki kuwa, ka bar wa Angama kayansa. Da ƙafa da ido suka yi ta, kuma ta fi ta baki shiga. Ka ce ba ka san labarin matar ba, na yarda. Amma ka san ana tsorata tsoho a gidansa, ka yi dariya, ba ka kuma tambayi me ya sa wannan ɗaki ba. Baba bai sallama maka da yardar da aka san yarda ba, kai ma ka sani, shi ya sa abinci ya ƙi zama.

To yanzu aiki. Yau ɗin nan ka gaya wa matarka. Za ta ji zafi, wataƙila ta yi kwanaki ba ta dube ka ba, amma ita ke ajiye masa kujera kullum, bai dace ka bar ta tana jinyar ciwon da mijinta ya haddasa ba ta sani ba. In ta ji a bakin wani, wannan ne zubewar mutuncin da ba ya kwasuwa.

Gobe ka gaya wa Baba. Ka kira 'yarsa ta kasance a wurin, don kada abin ya buge shi shi kaɗai. Kada ka fara da kuɗi, kada ka fara da neman gafara, kada ka yi doguwar shimfiɗa. Abin da za ka fara faɗa shi ne, mutanen nan uku ba su ga komai ba, haya aka ɗauko su, an koya musu inda za su tsaya da inda za su kalla, kuma da kuɗinka aka biya su. Ka maimaita har ya shiga. In ka iya nemo ɗaya daga cikinsu ya faɗa da bakinsa, ya fi, domin mutumin nan ya saba jin kana cewa babu komai. Zai yi fushi, zai iya zaginka. Ka sunkuyar da kai ka karɓa. Fushi da kai ya fi masa sauƙi sau dubu a kan abin da yake ɗauke da shi yanzu.

Bayan ƙura ta lafa sai maganar gida. Ku samo mutum biyu masu sanin farashi waɗanda ba ruwansu da Angama, su faɗi abin da gidan ya kai kafin a ɓata masa suna. Ka ba Baba da 'yarsa zaɓi, ko a warware ciniki, ko ka cika musu ragowar a hankali, a rubuce a gaban lauya da shaidu. Ina kyautata zaton na biyun za su ɗauka, tunda shago suke nema ba ɗaki huɗu ba, amma ban yi maka alkawari ba. In ta kai ka koma haya, ka koma. Inna ta yi shekaru a falo ba ta mutu ba, kuma na tabbata in ta ji yadda aka samo ɗakin ba za ta so kwana a cikinsa ba. Angama kuwa barazanarsa shirunka ne ƙarfinta, kana faɗa ta mutu. Ka nemi ya dawo da kason da ka ba shi a miƙa wa mai haƙƙi, in ya ƙi ku kai shi gaban shugabannin dillalai, kai da 'yar Baba tare. Kada ka ƙara ba shi ko tsintsiya ya sayar maka.

Tabon bango man kai ne da gumin shekara biyu suka ratsa siminti, fenti ba ya rufe maiƙo sai an kankare an yi shafin ƙasa, kai ma'aikaci ne ka fi ni sani. Inna kuwa ba kurma ba ce, mata suna magana a layi, in ma ba ta ji ba to ta ga inda ɗanta yake gudun kallo. Ta huɗun ce ban sani ba, kuma ba zan ƙirƙiro maka amsa ba. Na fi zaton wata ƙawar marigayiyar ce da ta saba zuwa dubiya, ta ji surutun da kuka baza, ta zo ta gaishe ta yadda ta saba. Ka tambayi 'yar, wataƙila ta gane ta. In ba a gane ta ba, ka bar wa Allah saninsa. Ko wace ce, gaisuwa ta kawo, ba ta fita da baya da baya ba, kuma da ba ku riga kun cika wa tsohon nan zuciya da tsoro ba, da gaisuwa zai ji.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi damuna. Mutumin da ya yi shekara biyu yana juya matarsa a gado, minti ashirin kawai ya fita, kuma ku kuka sa ya ɗauka da su kaɗai za a auna shi. Kai kaɗai ne a duniya za ka iya sauke masa wannan. Gida zai jira, lauya zai jira, tsohon da ya daina cin abinci ba zai daɗe yana jira ba. Gobe sha biyu da kwata zai zo. Kada ya tarar da kujera ita kaɗai, ya tarar da kai.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya jiƙan baiwarsa, ya sanyaya wa Baba, ya kuma ba Inna ɗakin da za ta yi barci a cikinsa da daɗi.

Gwaggonku